Rufin da Winfried Ya Gyara

Halle, 3 ga Afrilu 1987

Yaya Irmtraud,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi. Albishirinki! 'Yata Kerstin ta sauka lafiya, mace, sunanta Mandy. Na zama kaka! Rawa na yi ta takawa a asibiti har wata nas ta ce, "Baba, nan ba gidan biki ba ne."

Amma ga abin takaici. Shekara shida Kerstin na jiran sabon gida mai ruwan zafi. Har yau tana hawa na huɗu na tsohon benen nan, makewayi a tsakar gida, bango ya yi baƙi don danshi. Na rubuta wa ofishin gidaje shafi uku, da rubutun da na koya a ajin yamma ina ɗan arba'in. Jami'insu ya zo, ya ɗaga kai ya ce, "Ai rufin lafiyarsa ƙalau. Sai gidan da ke yoyo muke kwashe mutane."

Wa ya sa yake lafiya? Ni! Shekara goma sha ɗaya, duk Asabar ina sama da guduma da kwalta, su ko tsani ba su taɓa aikowa ba. Ashe aikina ne ya tare wa jikata hanya.

Ƙanenki,
Winfried

Duisburg, 21 ga Afrilu

Winni,

Barka da arziki. Ga gahawa da rigunan jarirai.

Kai dai tun kana yaro kirkinka ke cutarka. Kuma kada ka zaci nan Yamma, ƙetaren iyaka, aljanna ce. Mai gidan da muke haya so yake ya rushe shi ya sayar da filin. Da sanyi ya turo a cire allunan rufi wai za a duba, ba su dawo ba. Bokiti tara gare ni na tarar yoyo, iyali huɗu sun gudu. Na tare shi a matakala na ce, "Ranka ya daɗe, kifi kake so mu kiwata?" Ya ce in ba na son wurin, ƙofa a buɗe take.

Shi ya huda rufi don ya kore mu. Kai huda naka a kore ku.

Yayarka

Halle, 17 ga Mayu

Yaya,

Da na karanta wasiƙarki sai da na jefar da ita. Shekara arba'in ina sana'ar yi wa mutane rufin gida, ki ce in ɓarke? Amma Mandy ta fara tari.

Ranar Lahadi na hau. Allo arba'in na cire, kowanne na tuna ranar da na kafa shi. Maƙwabciyarmu Waltraud ta leƙo ta taga: "Tsoho, gyaran ne kuma?" Na ce, "Gyaran ne." Kunya kamar in nutse. Wace irin ƙasa ce sai ka lalata kafin a ji ka? Kwana uku ana ruwa. Jami'in zai dawo jibi.

Ki huta lafiya,
Winfried

Halle, 2 ga Yuni

Yaya,

Jami'in ya zo. Ya yarda hawa na huɗu bai zaunuwa. An sauko da su Kerstin hawa na uku, daidai ƙarƙashin inda na ɓarke. Sun kulle sama, sun hana kowa hawa. Jiya silin ya fara jiƙewa a kan gadon yarinyar.

Ta rufin maƙwabta zan bi in mayar da allunan. Ki aiko da ƙusoshi, nan babu.

Winfried