Harafi Ɗaya Tsakanina da Ke, Jonali

Zuwa ga Jonali, farin watan da ke leƙowa bayan ruwan sama, tohon shayin da ba a tsinka sai da lallashi, sanyin idona, kuma sanadin ciwon maƙogwarona!

Ina gaishe ki daga Duhok, inda ƙanƙara ta fara narkewa a kan duwatsu, ni ma ina narkewa tare da ita. Itatuwan rumman sun yi toho, tsuntsaye sun dawo, kowa ya sami abin da yake jira ban da ni, Hogir ɗinki. Yaya Jorhat? Yaya ruwan samanku da ba ya gajiya? Yaya mahaifinki, Baba Saikiya, Allah ya huci zuciyarsa?

Kin tuna ranar da Kawu Sabri ya aiko ni garinku sayen ganyen shayi don shagonsa? Na shiga ɗakin ɗanɗano na tarar da ke a gaban jerin kofuna. Kika kurɓa, kika juya shi a baki, kika furzar a kwano. Wayyo Jonali! Na ga mata suna murmushi, na ga suna rangwaɗa, amma ban taɓa ganin wadda ta tofar da shayi da irin wannan martaba ba. Kika dubi wanda na zaɓa kika ce da Turanci, "Wannan na wanke ƙafa ne, malam." A take na san tawa ta ƙare.

Da aka zo loda buhuna kika fara ƙirga: ek, dui. Na kasa kunne, don mu yek, du muke cewa. Kika tambayi sunana da nam, mu kuwa nav. Sannan kika faɗi sunan harshenku da wannan kakin na can ƙasan maƙogwaro, irin wanda na ɗauka mu Kurdawa kaɗai aka ɗora wa. Na ce a raina, ashe Asamanci da Kurdanci 'yan uwa ne da suka ɓace wa juna a kasuwa! Me ya rage in koya? Ai harshen kakannina ne ya jiƙe da ruwan sama!

Wannan girman kan ne ya raka ni gidanku. Baba ya rataya mini farin mayafin nan naku na karrama baƙo, mai jan gefe, aka miƙo mini goronku a cikin ganye, na tauna, ɗakin ya fara juyawa a hankali. Sai na ji Baba ya ce wa kyanwarku toi. Na ce a raina, ga shi nan, tu ɗinmu ne, wato "kai"! Na gyara zama, na dafa ƙirji, na dubi dattijon da ya tsufa yana koyar da Asamanci a makaranta, na ce masa toi.

Abin da ya biyo baya, ya hasken raina, har yau ina ganin sa a idona. Mahaifiyarki ta rufe baki da gefen zane. Kyanwar ma ta fita. Baba ya cire tabarau, ya goge, ya ce, "Samari, tare muka yi wasan ƙasa da kai ne?"

Ina zan sani cewa "kai" uku gare ku? Apuni na manya, tumi na tsara da masoyi, toi na yara da abokan ƙuruciya da kyanwa. Mu da tu ɗaya muke kiran makiyayi da liman, ba wanda ya taɓa cire tabarau. Gaskiya ne mu ma muna da namu nauyin, don a wajenmu kowane abu ko namiji ne ko mace, har cokali. Ku kun sauke wa cokali wannan kaya kun ɗora wa surukai. Wanne ya fi adalci, ya kurciyata? Cokali bai taɓa hana kowa 'yarsa ba!

Tun da na dawo ban huta ba. Ina ce wa Kawu apuni, ina ce wa mai burodi apuni, jakin maƙwabcinmu ma ya sami girman da ubansa bai samu ba. Innata ta same ni a bayan gida ina gaishe da itacen gyaɗar dutse, ta riƙe haɓa ta ce, "Hogir, 'yan matan Duhok sun ƙare ne, sai wadda ake neman aurenta da ƙamus?" Na nuna mata hotonki. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, koma ka ci gaba da gaishe da itacen."

Jiya na yi ta maza na kira Baba a waya. Na zuba masa apuni har sau nawa ban sani ba, na ba shi haƙuri, na roƙi izinin zuwa bikin bazararku tare da Kawu don a yi magana ta manya. Ya saurare ni har ƙarshe. Ina jin ruwa yana dukan kwanon rufinku, layin yana ƙara kamar ana suyar kifi. Sai ya faɗi kalma ɗaya, wayar ta yanke.

Jonali, ahiba ya ce ko nahiba? Ka zo, ko kada ka zo? A nan kam harsunanmu sun haɗa baki sun cuce ni, don mu ma da wannan ɗan "n" ɗin a gaba muke rushe magana. Harafi ɗaya, ƙarami kamar sauro, ya tsaya tsakanina da ke! Na sake kira, layi ya ƙi. Na tambayi zuciyata, ta ce ahiba. Na tambayi Kawu, ya ce shi dai kada a taɓa masa cinikin shayi.

Akwai kalmar da na samu iri ɗaya sak a bakinmu da naku, ba ragi ba ƙari: dur, wato nesa. Duk kalmomin duniya, ita ce kakanninmu suka ga dama suka adana mana! Na gaji da ita, ya ruwan sanyina. Kogin garinku ya ƙafe, duwatsunmu su kwanta, ni dai ba zan so wata ba, ko da harshenta "kai" ɗaya gare shi.

Saboda haka na yanki tikiti, ni da Kawu. Idan ahiba Baba ya ce, ki tsaya a bakin ƙofa ki tarbe mu. Idan nahiba ne, ki rufa mini asiri, kada ki rubuto ki gaya mini. Zan iso da alewa da sabuwar riga, in durƙusa a gabansa, in rantse masa da girmansa cewa laifin ruwan sama ne.

Naki a yau, naki a gobe, naki a kowane harshe,
Hogir