Ɗankwalin da Kika Ɗaure Littattafan da Shi

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga ƙanwarki, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Mama, ya haskaka makwancinta, ya sa ta huta. Mu nan muna lafiya daidai gwargwado. Ƙafar maigidana ta yi sauƙi har ya koma tuƙi, ƙaramar 'yata ta fara haƙori tana cizon duk wanda ya ɗauke ta, ni kuma ina nan ina fama da ɗinki, ko da yake rabin hankalina yana gidan Baba. Kin san ni da waya, da zarar magana ta yi nauyi sai murya ta gudu ta bar ni, shi ya sa na rubuto. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Maganar littattafan nan ce da kika aiko wa Baba bayan rasuwa, na warkar da zuciya da koyon haƙuri da neman kusanci ga Allah. Ba ƙorafi na kawo ba, na san da me kika aiko su. Lokacin da suka iso Baba ya riga ya rufe teburinsa na gyara, rediyoyin mutane sun taru a kai babu mai taɓa su, in ban da amsa gaisuwa ba ya cewa uffan. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu, don haka Auta ya ɗauki aikin karanta masa kullum in ya taso daga makaranta. Kin dai san ƙanenmu. Tun da ya zama malami, duk abin da aka buga a takarda ya zama umarnin likita a wurinsa. Ya bi littattafan da jan biro yana ja wa layuka layi, sannan ya kira ni taro a tsakar gida kamar zai raba wa ɗalibai jarrabawa. Ya ce littafin mai shuɗin bango ya nuna cewa mai baƙin ciki ba ya warkewa muddin yana kewaye da abin da ke tuna masa, kuma dole na kusa da shi su riƙa sakin fuska, kada su ƙara masa nauyi da nasu kukan. Na so in yi gardama, amma tsoro ya hana ni. Ina ganin Baba yana ramewa, duk wanda ya ce ga magani zan bi shi.

Ranar da maigidana ya kai Baba asibiti awon jini muka shiga ɗakin. Muka kwashe kayan Mama tas, zannuwanta da takalmanta da kofin shayinta da tabaraunta, hatta ƙusar da take rataye mayafi Auta ya cire ta ya shafe gurbin da fenti. Wasu muka rabar, wasu muka kai ɗakin ajiyar Gwaggo. Da Baba ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon bango, sannan ya shiga ya kwanta. Mu kuwa muka ɗauki hakan a matsayin yarda. Daga nan aka kafa doka, ba a ambatar Mama a gabansa. Ni sai in sha kukana a kan keken ɗinki har zare ya riƙa rikice mini, in na iso gidan in tsaya a famfon bakin ƙofa in wanke fuska, in shiga baki har kunne kamar mai tallan man goge haƙori. Ke ma na san Auta ya yi miki huɗuba, don na sha jin muryarki a wayar Baba tana tashi sama, kina ba shi labarin yara kina dariya.

Abin da ya ƙara rufe mana ido shi ne yadda Baba ya manne wa littattafan. Kin tuna a ƙunshe kika aiko su, ɗaure cikin wani tsohon yadi da ya koɗe. Kullum da safe kalmar da yake fara furtawa ita ce a kawo masa littattafansa. Sai ya ɗora ƙunshin a ƙirji ya rungume, in Auta ya zo ya zaro ɗaya ya karanta, da ya gama Baba ya karɓa ya mayar ya ɗaure da hannunsa. Auta ya dinga yawo yana hura hanci, yana cewa mu gani, magani ya fara kama jiki. Ni ma na yarda, har na yi miki albishir a waya.

Makon jiya Auta ya ga bai dace littattafai masu daraja su zauna a tsumma ba. Ya sa kafinta ya yi musu 'yar kanta, ya jera su tsaf yayin da Baba ke barci, yadin kuma ya fita da shi ya goge babur ɗinsa ya bar shi a kan sirdi. Da Baba ya farka ya nemi littattafansa aka miƙa masa su tsirara. Ya shafa su, ya juya su, ya ajiye a gefe, ya juya fuskarsa ga bango. Ranar ko ruwa da ƙyar ya sha. Washegari da rana na zo da abincinsa, na leƙa ɗaki babu kowa. Gabana ya faɗi, don mutumin nan ya daɗe bai taka tsakar gida ba sai an riƙe shi. Can na hango shi zaune a ƙasa kusa da babur, rana tana dukansa, ya riƙe yadin nan duk baƙin mai, ya zura yatsansa cikin wata 'yar huda da ke gefensa.

Yaya, sai a lokacin na gane. Koren ɗankwalin Mama ne, wanda ta ajiye a teburin Baba muna yara, ƙarfensa na narka dalma ya ƙona shi. Kin tuna yadda suka shekara suna wannan shari'ar, ita tana cewa ya biya ta, shi yana cewa ɗankwalin ne ya zo ya sami ƙarfe a wurin aikinsa. Wallahi ban shaida shi ba, ya koɗe, kuma tun aurenki ya bar gidan tare da ke. Baba kuwa da idon nasa da ba ya gani sosai, yatsansa ya gane hudar tun ranar farko. Duk gidan da muka share, wannan kaɗai ya rage masa na Mama, kuma ya yi shiru ne don kada mu gane mu ɗauke.

Na durƙusa kusa da shi, sai ya yi magana mai tsawo a karon farko tun rasuwa. Ya ce ba ya ganin laifinmu, yara ne mu, zuciyar yaro tana saurin warkewa, kuma ya gode wa Allah da ya yaye mana da wuri. Ya ce shi dai tsoho ne, ya kasa, kuma ya lura shi kaɗai ya rage yana tuna ta, shi ya sa ba ya son ya dame mu da zancenta. Abu ɗaya ya roƙe ni, in yi wa Auta magana a bar masa wannan tsumman, ba zai riƙa fito da shi a gabanmu ba. Ubanmu ne fa yake roƙona izinin tuna matarsa a ɓoye. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, irin kukan da maƙwabta ke leƙowa. Ya tsaya yana kallona da mamaki, ya shafa fuskata ya ji ta jiƙe, sai ya tambaye ni a hankali wai ashe ni ma ina yi. Na ce masa kullum, Baba, kullum. Nan muka zauna a ƙasa muna kuka, har Auta ya dawo ya same mu. Da ya ji abin da ya faru ya jingina da bango ya sulale, ya yi kukan da ban taɓa ganin ya yi ba ko ranar da aka fita da Mama.

Mun dawo da abin da ya rage a wurin Gwaggo, tabarau da kofi da zani biyu. Sauran sun tafi, kuma duk lokacin da Baba ya tambayi wani abu na ce an bayar, sai ya gyaɗa kai kawai, ni kuwa zuciyata ta yi kamar ta tsage. Ban zubar da littattafan ba. Na ɗauki mai shuɗin bangon nan ina dubawa a shago, sai ga shi can gaba, inda jan biron Auta bai kai ba, marubucin yana cewa haƙuri ba ya hana hawaye, kuma baƙin cikin da aka raba da 'yan uwa ya fi sauƙin ɗauka. Mun karanta rabin magana ne muka zage damtse muka yi aiki da ita. Yanzu Baba da kansa yake cewa a karanta masa shafin addu'o'i, in an gama ya ba mu labarin Mama.

To ga abin da ya sa na rubuto. Likita ya ce zuciyar Baba ta yi rauni ƙwarai, ya kuma ce duk mai son ganinsa kada ya ja lokaci. Baba kuwa har yanzu yana ganin ke kin manta. Shekaranjiya ya ce mini babbar 'yarsa ta fi kowa ƙarfin hali, tunda har ta iya ɗaure kaya da ɗankwalin uwarta ta aiko, ta gama da shi ke nan. Ya faɗa yana murmushi yana sa miki albarka. Ni na san ba haka ba ne. Maigidanki ya gaya wa nawa cewa duk ranar da kika gama waya da Baba sai kin shiga banɗaki kin kunna famfo don kada yara su ji. Kuma zuciyata tana ba ni cewa da gangan kika zaɓi ɗankwalin nan, abin da kika fi so kika aiko masa, kika kasa faɗa. Na gaya masa haka, ya ce ina kare ki ne kawai. Daga bakinki yake bukatar ya ji.

Don Allah ki nemi hutu ki zo. Kafin nan ki kira shi, kuma kada ki gyara murya kafin ya ɗauka. Ki bar ta yadda take. In kuka ya zo kada ki katse wayar, ki bari ya ji, kada ya tafi yana zaton shi kaɗai ya yi rashi.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce na gode da tonon asirin da ya yi. Ki shafa mini kan 'yan biyu da yayarsu sarkin surutu. Gwaggo tana gaishe ki, Kawu mai shago ma haka, maigidana yana yi miki ya haƙuri. Auta ya ce in gaishe ki, kunya ta hana shi kiranki da kansa. Ɗankwalin yana ƙarƙashin matashin Baba, da baƙin man babur ɗin a jikinsa. Na ce ya kawo in wanke masa, ya riƙe gam, ya ce wankin da aka yi wa gidan nan ya isa haka.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki mai ɗinki