Dashen Haƙorin Ramla

Dakoro, 9 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Yayana Na'Allah, a Abijan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa wadda ta wajaba a kan ƙane, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kasuwa tana ci, ciwon bayan da ka yi kuka da shi kuma ya sake ka. Mu nan sai godiya. An gama yankan hatsi, damman da muka ɗaure a gonar hanyar Ajekoriya sun zarce na bara, wake ne kawai tsutsa ta taɓa. Inna tana nan da ƙarfinta, in ban da gwiwa. Iyalinka A'ishatu da yara lafiya lau. Ni kuma takardata ta hidimar ƙasa ta fito, an tura ni Ɗan Gulbi, ƙarshen watan nan zan kama hanya. Wannan tafiya tana da alaƙa da mas'alar da zan gabatar maka.

An gaya maka ta salula cewa ɗiyarka Ramla ta faɗi, ta ji ciwo a baki, an kai ta Maradi. Gaskiya ne, amma taƙaitawa ce mai tauye haƙƙin al'amarin. Na zaɓi alƙalami domin abin da idona ya shaida ya fi ƙarfin maganar minti biyu, kuma tun da na karɓi lisans ɗina, wato digirin jami'a, a kimiyyar noma ban ga darasin da ya girgiza tunanina kamarsa ba.

Ranar wata Talata ce, da hantsi, mako huɗu da suka wuce. Ramla ta ɗauko ruwa daga famfon unguwa, ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa, bakinta ya daki dokin ƙofar. Haƙorinta na gaba, na sama, ya fita ɗungurungum har da saiwarsa. Abin da zai ba ka mamaki, Yaya, ba jinin ne ya firgita ta ba. Hannu ɗaya ta toshe baki da shi don kada ƙadangaren da ke kan katanga ya ga giɓin ya hana wani fitowa, ɗayan kuma ta dunƙule haƙorin tana neman inda za ta tsaya ta wurga shi kan rufi, kamar yadda ni da kai muka yi da namu. Da na makara da taku uku, da yanzu yana can cikin shuci. Na riƙe hannunta na karɓe shi.

A nan zan yi ikirari da kuskurena. Da na ga ƙasa a jikinsa, sai ilimin ƙwayoyin cuta ya motsa mini, na ce a miƙo mini jabel, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, da buroshi in kankare shi tas, in adana maka shi a kwalba. Allah Ya sa kafin a kawo na tuna da Likita Amatullahi, yayar abokin karatuna, wadda ke aikin haƙori a Maradi, na kira ta don in ji maganin tsayar da jini. Ina cikin zayyana mata matakan tsabtacewar da na tsara, ta katse ni, ta ce Badaru, ajiye lisans ɗinka a gefe tukuna, ka kuma ajiye jabel ɗin nan nesa. Ta ce in riƙe haƙorin ta farin kansa, kada yatsana ya taɓa saiwar, in tsoma shi a madara nan take. A'ishatu ta kawo ragowar madarar da ta dafa da safe ta huce, muka saka shi a ƙaramin kofi.

Sai likita ta yi tambayar da komai ya rataya a kanta: haƙorin nono ne ko na girma? Ta ce in na nono ne ba a mayar da shi, domin zai lalata wanda ke tahowa a ƙarƙashi. In kuwa na girma ne, babu wani a bayansa har abada, kuma mintoci ne suka rage mana. Yaya, sai na juya na tambayi mutanen gida. A'ishatu ta ruɗe, tana cewa kamar an taɓa famfara, kamar kuma na ƙasa ne. Inna ce, daga kan tabarmarta, ba ta ko tashi ba, ta ce wane irin shashanci ne wannan, ai ƴar nan ta jefa na nonon bara da kaka, ranar da aka yi wa rumbu sabon jinka, na damar ne ya fara fita, na hagun ya biyo baya da kwana goma sha, kuma ita ce ta ɗaga ta don hannunta bai kai ba. Ta ƙara da cewa duk jikokinta ta san inda haƙorin kowa ya sauka, har naka ma tana iya nuna wurin. Likita ta ji ta wayar, ta yi dariya, ta ce a gaishe da Inna, kundinta ya fi na asibiti. Al'adar da na daɗe ina kira camfi ita ce ta zama hujjar da ilimi ya dogara da ita a wannan safiya.

Daga nan ta ce a mayar da shi gurbinsa yanzu yanzu, kada a jira tafiyar Maradi. Na ɗauraye shi cikin madarar, na durƙusa gaban Ramla, sai na rasa ta inda zan fara. A'ishatu ta dube ni, ta ce Malam Badaru, kawo nan, kai ka riƙe wayar, ai magana ce aikinka. Ta wanke hannu, ta zaunar da yarinyar a cinyar Inna, ta dubi ɗan'uwansa na gefe don ta gane fuskar da ke kallon waje, ta yi bisimilla, ta tura shi a hankali da irin natsuwar da take zana lalle. Ya shiga. Ramla ta ciji tsabtataccen ƙyalle, muka biya asibitin nan aka yi mata allurar tetanos, ni da ita muka hau motar Maradi.

A can likita ta ɗauki hoton ƙashin, wanda suke kira radiyo, ta ɗaure haƙorin da maƙwabtansa da wata siririyar waya. Ta yi mini bayanin da har yau nake jujjuya shi. A jikin saiwar akwai wasu rayayyun zaruruwa da ido ba ya gani, su ne ke riƙe haƙori da ƙashi. In suka bushe ko aka kankare su, sun mutu. Madara kuwa tana raya su na ɗan lokaci. Sai na tuna dashen albasa: a cire da sassafe, kada rana ta taɓa saiwa, a mayar ƙasa da wuri. Shekara uku ina nazarin wannan ƙa'ida a kan tsirrai, ban taɓa zaton Mahalicci Ya shimfiɗa ta a bakin ɗan Adam ba. Ashe abin nan da muke ɗauka dutse ne mai rai ne. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ƙaga shi. Bayan mako biyu muka koma aka cire wayar, haƙorin yana tsaye daram, launinsa bai sauya ba.

Sai dai aiki bai ƙare ba, kuma nan ne buƙatata take. Likita ta faɗa ƙarara cewa dashe yakan kama daga baya ya bushe ta ciki ba tare da ciwo ba, kuma hoto ne kawai ke nunawa da wuri a ceto shi. Dole a mayar da Ramla farkon watan gobe, sannan bayan wata uku, da wata shida, da shekara. Ta kuma gano ƙaramin rami a turminta na baya, wanda ke fitowa a shekara shida ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye ke zaton na nono ne su ƙyale shi. Za ta cike shi a zuwa na gaba. Ta ce a goge baki safe da kafin barci da man haƙori kamar ƙwayar wake, asuwaki ma yana da kyau, a daina ba yara ragowar shayi, kuma, ka gafarce ni, alawar bombon da kake aikowa a leda a mayar da ita ta ranar sallah.

Ni zan kasance a Ɗan Gulbi, Inna ba ta iya zaman mota. Saura A'ishatu, ita kuwa ta ce ba ta taka Maradi sai da izininka, domin ka bar umarnin kada ta yi tafiya ba ka nan. Na fahimci hikimar umarnin, ba na kuma ƙalubalantarsa. Amma ina roƙonka ka ba ta izini guda wanda zai game dukan zuwan nan, ta sauka gidan Gwaggo Ladidi ta juyo washegari. Hannun da ya mayar da haƙorin lokacin da nawa ya gaza ya cancanci a amince masa ya kai shi ƙarshe. Ka kira ta kafin ƙarshen wata, don Allah.

Inna tana sa maka albarka. A'ishatu, da Zakiru, da Ikrama suna gaishe ka. Ka miƙa gaisuwata ga Kawu Halidu da mutanen gidansa. Ramla tana tsaye a kaina tun ɗazu, ta ce lallai in rubuta maka cewa jiya ta je gaban ƙadangaren nan na katanga ta wangale masa baki, ta ce ya duba da kyau, babu giɓin da zai gani. Ka taimaka mana, Yaya, maganarta ta tabbata.

Wassalam,
ƙanenka mai biyayya,
Badaru