Na ci gasar rubutu da amanar mai gadin kawuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kwana uku ke nan ko abinci ba ya shiga cikina.

Ni 'yar Daura ce, ina aji huɗu a fannin shari'a. Wani lakcaranmu ya matsa mini in shiga gasar rubutu ta ɗalibai kan dokar ƙwadago, wanda ya yi na ɗaya za a buga rubutunsa a mujallar lauyoyi. Ni da rawar kaina na ce ba zan kwafo littafi ba, abin da idona ya gani zan rubuta. Da na zo hutu sai na riƙa zuwa injin casar shinkafa na kawuna, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu. Ma'aikatan sun san ni tun ina yarinya, suka saki jiki da ni. Cikinsu akwai wani dattijo, bari in kira shi Baba Idi, bel ɗin inji ya cire masa yatsu uku, kawu ya kai shi asibiti, ya mayar da shi gadi, ya kuma gargaɗe shi kada maganar ta fita. Ya ba ni labarin kaf, ya ce amana ce tsakanina da shi.

Na saka labarin a rubutuna, na canza sunaye, na ɗauka shi ke nan. Amma a ciki na bar cewa injin yana hanyar Sandamu, na bar mai gadi, na bar yatsu uku. Fisabilillahi wa ye a Daura ba zai gane ba?

To na yi na ɗaya. Na roƙi editan mujallar a cire wurin labarin Baba Idi, ya ce ai saboda wurin aka zaɓe ni, ko in sa hannu a fom kafin Juma'a ko in janye. Lakcaran kuma ya yi ta faɗa, wai tsoro ba na lauya ba ne.

Kawu ba ya karanta Turanci, sai murna yake, ya ce ranar da mujallar ta fito zai tara majalisarsa in fassara musu layi-layi. Mutumin da bara ya kori lebura don kawai ya yi ƙorafi a teburin mai shayi! In ya gane, Baba Idi ya bar aikin nan a ranar, kuma 'ya'yansa bakwai.

Jiya na je injin, Baba Idi ya buɗe mini ƙofa da hannun nan nasa, yana dariya ya ce, "Lauyarmu, an ce kin ci gasa, ba dai da zancenmu ba ko?" Na ce a'a Baba.

Kunyar kaina nake ji. In janye, ko in sa hannu? Kuma da wane baki zan koma in faɗa masa ƙarya na yi?