Motar Baba Ta Fi Ƙofarta Tsayi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka gaba ɗaya, ya kuma sauƙaƙa maka ciwon bayan nan da ka ce yana hana ka dogon zama a wurin aiki. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Baban yara ya warke daga murar da ta kwantar da shi, babbar 'yata ta gama jarrabawa tana zaune a gida tana hargitsa mini littattafai. Inna tana nan da gwiwoyinta, yau da sauƙi gobe da nauyi, amma hankalinta ƙalau, ya ma fi na wasu da ta haifa. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, domin in na kira muryata za ta tashi, kai kuwa da ka ji murya ta tashi sai ka fara ba ni haƙuri tun ba ka ji abin da ya faru ba. Wannan karon ba haƙuri nake nema ba. Ka karanta har ƙarshe.

Maganar motar Baba ce, Allah ya jiƙansa. Ka tuna zaman da muka yi mu uku a falon Inna bayan rasuwarsa, ni da kai da Auta, muka ce tsohuwar akori-kurar nan ba za ta bar gidan ba muddin Inna na numfashi. Ita kaɗai ce motar da take yarda ta shiga, kuma ita ke kai ta asibiti wajen likitan ƙashi sau biyu a wata. Ta san inda za ta dafa, ta san inda ƙafarta za ta sauka, ko ido ba ta buɗewa sosai. Muka bar wa Auta makulli saboda shi ke zaune a gidan. Ni ce ma na miƙa masa da hannuna, abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in ciji yatsana.

Makonni uku da suka wuce na je gaida Inna, na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar gareji, daga ciki kuma ana ta buga guduma, ga ƙaurin walda har tsakar gida. Na tambayi Auta, ya ce mini juyen baƙin mai ake yi. Yaya, wane irin baƙin mai ne ake juyewa da walda, a kulle ƙofa, har kwana huɗu? Ya manta ƙaramar ƙofar baya, wadda makullinta ke ɗaure a bakin gyalen Inna tun muna yara. Da ita na shiga. Na tarar sun raba bodin motar da ƙashinta, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da inji da ƙafafu, sun ɗage bodin a kan jak biyu da bulo, yana lilo kamar haƙorin da ya kusa fita. Abokinsa mai walda yana kwance a ƙasa yana cusa wasu gutsattsarin fayif a tsakani. Fayif ɗin ruwa ne, Yaya, irin wanda ya rage lokacin da aka gyara tankin gida, suka yayyanka shi da zarto guda takwas, suka sayo dogayen notuna za su ɗaure. Auta ya ce wai inci biyar za su ƙara mata, ta yi tsayi. Na ɗauko rula daga jakata na auna takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya a gabansu. Babu biyu da suka zo daidai. Mai walda ya ce in an ɗaure da ƙarfi za su daidaita kansu. Na ce masa ban taɓa jin ƙarfe ya ji kunya ya gyara tsawonsa ba.

Dalilin da Auta ya ba ni shi ne ya fara sa ni zargi. Ya ce don Inna yake yi, wai in an yi ruwan sama hanyar asibiti tana cika, mota mai tsayi ce za ta ratsa. Ya faɗa yana marairaice fuska, irin yadda yake yi yana ƙarami in ya fasa kofi. Na koma gida da littafin motar, wanda Baba ya naɗe da takardar kalanda, na zauna na karanta shi har da zane-zanen. Yaya, in ka ɗaga bodi, bodi kaɗai ka ɗaga. Inji yana inda yake, ƙafafu suna inda suke, ruwan da zai taɓa cikin motar jiya shi zai taɓa ta gobe. Abin da ɗagawar ke bayarwa ɗaya ne, sarari na sa manyan tayoyi. Washegari na koma na ɗaga tamfol ɗin da ke kusurwar gareji, sai ga manyan tayoyi huɗu sababbi, masu haƙora kamar na tarakta. Auta ya ce ajiya aka ba shi.

Mai ajiyar kuwa na gan shi. Wani mutum ne mai zobba a yatsu uku, ni Mai Zobe nake kiransa, yana zuwa da la'asar ya zagaya motar yana shafa ta yana ɗaukar hoto. Ya gaishe ni da ladabin da ya yi yawa, ya ce irin waɗannan tsofaffin motoci yanzu masu sha'awa ke nema, amma sai an ɗaga su an yi musu kwalliya. Na tambaye shi wa ya ce masa tamu tana neman mai sha'awa, sai ya dubi Auta, Auta ya dubi rufi. Daga nan na wuce ɗakin Baba na buɗe akwatin ƙarfen nan. Ambulan takardun mota yana nan, amma babu komai a ciki. Auta ya ce ya kai sabuntawa. Ni na sabunta su da kaina wata huɗu da suka wuce. Ban kama shi yana sayarwa ba, ba zan ɗora masa abin da ban gani ba, amma ka haɗa waɗannan da kanka ka gaya mini abin da suka ba ka.

Ranar da suka gama ne zuciyata ta ƙarasa ɓaci. Sandar sitiyari ta gaza, suka ƙara mata guntun ƙarfe da walda. Bututun birki ya miƙe ɗam kamar igiyar shanya, in ka taɓa shi har ƙara yake yi. Sandar giya ta nutse cikin ƙasan motar, sai direba ya sunkuya kamar mai neman allura. Duk da haka Auta ya je ya riƙo hannun Inna, wai ta zo ta ga abin da ya yi mata. Ta tsaya a inda ta saba tsayawa, ta dafa inda ta saba dafawa, ta ɗaga ƙafa. Ƙafar ba ta kai ba. Ta sake gwadawa, gwiwar ta ƙi. Ta shafa murfin ƙofar kawai, ta juya ta koma ɗaki. Auta ya bi ta da cewa ai in motar ta yi mata wuya yanzu, ƙaramar mota ta fi dacewa da shekarunta. A nan na gane tsarin. A ɗaga ta har Inna ta kasa shiga, sannan a ce ba ta da amfani a gidan.

Sai dai Auta ya manta wanda ya gina garejin. Ka san Baba, ko ƙusa ba ya bugawa sai ya auna sau uku. Shi ya gina ɗakin nan daidai jikin motar kamar tela, tsakanin ragar ƙarfen ɗaura kaya da ya sa aka walda a rufinta da linta, wato simintin saman ƙofa, yatsa ɗaya tak ya bari. Kullum yana cewa siminti ba abin wasa ba ne. Su kuwa garin ɓoyewa, a ciki suka yi aikin, ƙofa a kulle, babu wanda ya ɗaga kai. Da Auta ya tayar da ita zai fito, sai muka ji gam! Ƙura ta zubo. Suka sace iskar tayoyi har ƙarfe ya kusa taɓa ƙasa, suka hau baya su uku har da Mai Zobe da zobbansa don su danne ta, aka tura, duk da haka ragar ta kama linta. Allah ya yafe mini, na yi dariya har sai da na zauna a kan bulo. Mai walda ya ce a yanke ragar, Mai Zobe ya yi tsalle ya ce a'a, ai ita ce kyan motar. Ka ji mai ajiyar tayoyi yana da ra'ayi a kan ragar Baba.

Shekaranjiya da safe Auta ya kawo magini da babbar guduma, a fasa linta. Ban san wa ya gaya wa Inna ba. Sai ga ta ta fito tana jan kujerarta ta roba, ta ajiye ta a bakin gareji daidai ƙarƙashin lintar, ta zauna ta ɗauko carbinta. Magini ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta tambaye shi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi guduma, ya dubi kanta, ya ce ya tuna yana da wani aiki. Jiya ma can ta wuni, yau ma can na baro ta. Ta ce iskar wurin ta fi ta ɗaki.

To ga abin da nake so daga gare ka. Auta zai kira ka, ka san ya iya zaƙin baki, zai ce maka ƙaramin gyara ne a ƙofa, ni ce nake tayar da fitina, Inna kuma tsufa ne. Kai ne babba, in ka ce a fasa, za a lallaɓa Inna a fasa. Ka ce a'a. Ka ce takardu su koma cikin ambulansu, motar kuma ta sauka yadda Baba ya bar ta. Zai ce maka gajerun notunan asali da robobinsu sun ɓace, ba yadda za a mayar. Ba su ɓace ba. A bokitin tarkace ya zuba su don mai sayen ƙarafa, na tsince su, na wanke da kananzir, suna cikin jakata guda takwas cif. Na kuma yi magana da tsohon bakaniken Baba, ya ce yini ɗaya ya ishe shi, har da canza sandar sitiyarin da suka lalata. Ranar Inna ta asibiti Alhamis mai zuwa ce. Na ce zan kawo tasi, ta ce ba ta shiga, wadda ta saba kai ta ita za ta kai ta. Ta riga ta rasa ganin likita sau ɗaya saboda wannan shirme, ba zan bari ta rasa na biyu ba.

Ka gaida mini Anti, ka ce na ga hoton lambunta. Ka gaida takwarata da Dogo da ƙaramar Likita, ka ce Gwaggonsu tana kewarsu. Baban yara da yara suna gaishe ka. Inna ta ce in gaishe ka da kyau, ta kuma ce in gaya maka kada ka yi gaggawa saboda ita, kujerar tana da daɗin zama. Ni dai na ga yadda take murza gwiwa in ta ɗauka ba mai kallo. Ka kira kafin Alhamis.

Ƙanwarka,
wadda Baba ke kira Lauya