Sunan da Iya Ba Ta Kira

Birnin Gwari,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayata Huseina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Ina fata kin sauke taurin kai kin je asibiti. Mu nan lafiya lau, sai godiya, an fara shigo da masara. Tunda aka yanke mana layin waya mun koma zamanin takarda, shi ya sa na ba Yusha'u direba wannan. Ki ba shi amsa in zai juyo daga Zariya.

Madam Martha, shugabar makarantar da nake koyarwa, ta ba ni aikin buga takardun jarrabawar ƙarshen zango, tunda ni ce mai kwamfuta da sola a gida. Har firintar makaranta ta ba ni aro. Na dawo ina taƙama kamar an naɗa ni sarauta, ban san abin da ke jira na a ɗaki ba.

Kin san kwamfutar ta marigayi baban Rahma ce. Gida biyu ya raba ta, ɓangarensa da nawa. Nasa shi ne mai iko, wanda masu harkar ke ce wa admin. Nawa kuwa na baƙuwa ne: in yi rubutu, in kalli hoto, amma ba ni da hurumin saka wani sabon abu. Da yana da rai ban taɓa damuwa ba, in ta nemi izini sai in ƙwala masa kira ya zo ya danna. To jiya na jona firinta na saka faifanta, sai ga wani ɗan akwati ya fito wai sai da izinin mai iko, a rubuta kalmar sirrinsa. Yaya, ni ke riƙe da gidan nan shekara biyu ke nan, ni ke noma, ni ke cefane, amma na'ura ta dube ni ta ce ban isa ba. Na yi dariya, daga baya kuma na yi kuka, don sunansa ne da hotonsa a jikin akwatin.

Sadisu, ƙanensa, ya ce abu mai sauƙi ne. Zai bi ayarin motoci zuwa Kaduna ranar Asabar ta sama, yana da aboki da zai wanke ta tas ta koma sabuwa, in zama ni ce mai iko. Da na tambaye shi abin da ke ciki fa, sai ya gaya mini gaskiya. Wankewa ba ta barin komai.

Ga abin da ke ciki. Wayarsa ta tafi tare da shi ranar da 'yan bindiga suka tare motarsu a dajin nan, amma kafin nan duk bidiyon da ya ɗauka yana yi wa Rahma wasa tana jaririya ya juye su a ɓangarensa. Babu wani wuri kuma a duniya da muryarsa ta rage. Na daɗe ina ce wa kaina wata rana zan nemi hanyar buɗewa, ina tsoro ina ɗagawa. Makon jiya Rahma ta tambaye ni ko muryar babanta irin ta Baffa Sadisu ce. Na rasa yadda ake kwatanta wa yarinya murya.

Na riga na yi wa Madam alkawari, yaran mutane kuma ba za su zauna babu jarrabawa ba. Mun yi da Sadisu cewa in Asabar ɗin ta zo ban buɗe ba, ya tafi da ita. Na amsa da baki ne kawai, zuciyata ba ta amsa ba.

Ki gaishe da maigida da yara. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Juwairiyya.

Birnin Gwari,
Ranar Litinin.

Yayata Huseina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Takardarki ta iso tare da man zafin da kika aiko wa Iya surukata, tana godiya. Na ga kin ce in gwada ranar haihuwar Rahma da lambar babur ɗinsa. Yaya, har sunan akuyarmu na gwada kafin takardarki ta zo.

Amma an samu ƙofa. Praise, abokiyar aikina da ke koyar da lissafi, ta zo ta duba. Ta nuna mini cewa in an rubuta kalmar da ba ita ba a ɓangarensa, wani ɗan rubutu yana fitowa a ƙasa don wanda ya manta. Da muka danna sai ga tambayoyi uku da shi da kansa ya zaɓa ya amsa ranar da ya saita na'urar: garin da aka haife shi, makarantarsa ta farko, da sunan da ake kiransa yana yaro. Duk wanda ya amsa ukun daidai za ta bar shi ya sa sabuwar kalma, ba tare da an taɓa komai na ciki ba.

Na ce wa Praise ta matsa ta ga aiki, ai mutumin da na zauna da shi ne. Na rubuta Kusasu, na rubuta firamaren Saminaka, na rubuta Ɗanlami, don ran Alhamis aka haife shi, haka kuma dangi ke kiransa. Ta ƙi. Mugun halinta shi ne ba ta faɗa maka wacce ka kuskure, sai dai ta maido ka farko ta zuba maka ido.

Daga nan na zama mai yawon tambaya. David, wanda suka yi aji ɗaya, ya tabbatar mini da makarantar, ya ce su Dogo suke ce masa. Malam Ibrahim na masallacin unguwa ya ce a makarantar allo Fatahu ne. Wata gwaggonsa ta rantse Malam Ƙarami ne. Kowa da nasa, kowa kuma yana da tabbaci, na'ura kuwa ko gezau.

Shekaranjiya muna tsakar gida ni da Sadisu muna ta lissafa sunaye, Iya na gefe tana ɓarar gyaɗa kamar ba ta jin mu. Da ta ji na ce ai Kusasu dai babu shakka a kanta, sai ta yi tsaki, ta dubi kaji, ta ce musu 'yan boko sun manta haihuwar fari a gidan iyayen mace ake yi. Ta ce yaron nan a Gwaska ya faɗo, a ɗakin uwarta, sai bayan ta gama wanka aka mai da su Kusasu. Kunya ta kama ni, ni da na tattara na taho gida na haifi Rahma a gabanki. Duk takardunsa Kusasu suka ce, amma shi ya san inda aka binne cibiyarsa.

Na ruga ɗaki na sa Gwaska, na bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙi. Yanzu na tabbata saura sunan, na kuma san mutum ɗaya ce ta rage da ban tambaya ba.

Kin san Iya da ɗan fari. Tunda na shigo gidan nan ban taɓa jin ta kama sunansa ba, na yanka ko na wasa. Yaron nan take cewa, ko wancan. In ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Ranar da aka kawo gawarsa ma ba ta yarda an ga hawayenta ba, ita ce ke ba mutane haƙuri. Da wane baki zan durƙusa gaban wannan tsohuwa in ce ta faɗa mini sunan ɗanta na fari? Ni kaina da nake rubuta miki baban Rahma, baban Rahma, na san nauyin abin.

Sadisu ya fara neman kwalin da zai sa kwamfutar. Ba mugunta yake yi ba, gani yake yana sauke mini kaya. Amma duk sanda na ga kwalin nan a zaure sai in kau da kai in wuce.

A gaida kowa da kowa.

Taki,
Juwairiyya.

Birnin Gwari,
Ranar Lahadi.

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Yau gaisuwar a taƙaice take, ki yafe ni, ɗoki ne ya hana ni tsawaitawa. Kwalin Sadisu ya tafi Kaduna, amma busasshiyar kuɓewa ce a ciki.

Na bi shawararki, ban tambayi Iya komai ba. Ran Juma'a da hantsi na kai mata kunu na zauna, na ba ta labari kamar ina ba kaina. Na gaya mata abin da ke cikin na'urar, da abin da wankewa ke nufi, da tambayar da Rahma ta yi mini. Na ce saura suna ɗaya, duk wanda muka sani mun gwada, gobe kuma za a tafi da ita. Ta shanye kununta, ta miƙo mini kwanon, na tashi na fito.

Bayan maza sun tafi masallaci sai na ji takun sandarta a ƙofar ɗakina, ita da ba ta taɓa taka ɗakin nan ba tun yana da rai. Ta aiki Rahma maƙwabta, ta ce in saki labule in kunna abin. Da hotonsa ya fito, wanda ya ɗauka a gonar gwaji da hularsa a karkace, ta daɗe tana kallo. Yaya, ina jin ranar ce ta fara kallon fuskarsa sosai ba tare da ta kau da kai ba tun yana goye.

Sai ta fara magana, ba da ni ba, da hoton. Ta ce kafin shi ciki biyu ta yi suna zubewa. Da ya zo da rai, a gaban mutane ba ta da ikon ko ta yi masa wasa, amma in ta goya shi ta tafi rafi ita kaɗai, akwai sunan da take kiransa tana roƙon Allah ya bar mata shi. Ko mahaifinsa bai sani ba. Da aka yaye shi aka ba kakarsa ta daina, ta ɗauka ya yi ƙanƙanta da zai riƙe. Daga nan ta matso da fuskarta dab da gilashin, ta kira shi a hankali: Abarshi.

Na rubuta Gwaska, na rubuta makarantar, na rubuta sunan. Na danna. Akwatin nan da ya yi ta kora ta kamar mai bin bashi ya ɓace, wani ya fito yana cewa in zaɓi sabuwar kalma.

Ashe ya riƙe. Mutumin nan ya girma, ya yi boko, ya zama malamin gona, ya zauna gaban na'ura ta tambaye shi sunansa na yarinta, ya tsallake Ɗanlami da Dogo da duk sauran, ya rubuta wanda uwarsa ke raɗa masa a hanyar rafi. Da na gaya wa Iya na'urar ta buɗe, kuma shi da hannunsa ya sa wannan sunan, sai ta zauna a bakin gado ta ja mayafi ta rufe fuska. Kukan da ba ta yi ba shekara biyu ta yi shi a ɗakina, na riƙe ta muka yi tare.

Sauran aikin kuwa, ki zo ki ga ƙanwarki. Praise ta riga ta koya mini, ban jira kowa ba. Na shiga wurin saiti na ɗaga ɓangarena daga baƙuwa zuwa mai iko. Na koma na saka faifan firinta, akwatin izini ya fito kamar kullum, wannan karon ni ya tambaya, na danna masa e da ƙarfin da ya fi ƙarfin maɓallin. Firinta ta yi tari ta turo takardar lissafin aji huɗu fes. Na juye duk bidiyon a filas biyu, ɗaya na cikin ambulan ɗin nan, ki adana mini shi kamar ido. Sadisu ya dawo daga masallaci ya tarar da takardu a shanye a kan tabarma, ya yi ta zagaya su yana tambayar wanda ya zo ya gyara. Na ce masa injiniyar Iya ce, tana ɗakinta tana jan carbi.

Da la'asar na tara su. Na ɗora Rahma a cinyata, Iya ta zauna a kujera ta gaba, ba wanda ya ce mata ta matso. Na kunna na farko. Ga shi nan a tsakar gidanmu da rigar shan iska, yana ɗaga jaririya sama yana dariyar nan tasa mai kamar tari. Rahma ta ƙanƙame hannuna. Can sai ya juyo da jaririyar wajen kyamara, ya kira sunanta, ya ja shi yadda yake yi. Yarinyar nan ta saki hannuna, ta miƙe tsaye, ta ce na'am.

Yaya, ban san sau nawa muka maimaita wurin ba, kuma duk kiran sai ta amsa. Ta yanke hukunci cewa muryar babanta ta fi ta Baffa Sadisu daɗi, shi ma bai musa ba.

Madam ta karɓi takardunta jiya, ta ce na zango mai zuwa ma nawa ne. Iya na gaishe ki. Yanzu haka da nake rufe takardar nan ta leƙo ta labule, a gaban Sadisu da Yusha'u direba da ke jira na, ta ce in na gama rubuce-rubucen in zo in kunna mata Abarshi.

Ki gaishe da maigida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Juwairiyya.