Sunan da ke Gefen Layi

Auta,

Na fita kana barci. Zan kai wa shugaban makaɗa takardun kiɗan Baba, yau za su fara gwaji.

Tun rasuwarsa ban taɓa kwamfutarsa ba sai ɗazu. Ashe ya gama rubuta kiɗan, abu ɗaya ya rage. Inda ya raba masu sarewa gida biyu, sunayen da ke gefen layukan sun hau kan juna, ba sa karantuwa. Na yi ta matsar da su, in ƙara tazara, in rage, har shayina ya huce. Ban yi kuka ba. Ban ma ji komai ba.

Sai da suka rabu na ga ba "sarewa ta biyu" ya rubuta ba. Sunanka ya sa.

Haka na buga takardun. Ka yi haƙuri, ban tambaye ka ba. Sarewarka tana kan teburinsa, na goge ta. Da yamma suke farawa. In ba za ka iya ba, babu mai ganin laifinka.

Yayarka